Rantsuwar Malam Rabe

Duk wanda ya ji an ce Malam Rabe yana zaune a Makka sai ya ce bawan Allah ya dace, kuma gaskiya ne ya dace. Sai dai ba ibada kaɗai ta kai shi ba, rakiya ya je. 'Yarsa Mubina ce ta samu gurbin karatun fiƙihu a jami'a, aka ce mace ba ta zama sai da muharrami, shi kuwa 'ya'yansa huɗu duk mata ne, ba shi da wa ba shi da ƙane. Bai daɗe da yin ritaya daga aikin hedimasta a Funtuwa ba, sai ya naɗe tabarmarsa ya biyo ta. Aka buga masa iƙama, wato takardar izinin zama, a matsayin ɗan rakiyar ɗaliba, suka kama ɗaki biyu a unguwar Hindawiyya.

Shekara biyu ke nan aikinsa ɗaya ne. Da safe ya raka ta bakin titi ya tsaya har motar jami'a ta ɗauke ta, da la'asar ya koma ya tsaya har ta sauko. Tsakanin nan kuwa Harami ne, sai unguwar Mansur, wajen Adama mai abinci, wata Bamaraɗiya da ta shekara talatin a garin, wadda tuwonta ya fi bakinta laushi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma Maharazu, tela ne a Funtuwa, wanda ya shekara uku yana jiran Mubina. Ita ma tana son sa, kowa ya sani. Abin da ya tsaya a tsakaninsu bakin Malam Rabe ne. Babbar 'yarsa tana aji biyu a kwaleji aka aurar da ita, mijin ya yi alkawari da baki mai daɗi cewa za ta ci gaba, har yau ba ta sake ganin allo ba. Abin ya tsaya wa Malam a rai. Don haka ranar da manyan Maharazu suka zo tambaya, ya karɓe su hannu biyu, sannan ya ce a gaban kowa, "Na ba ku, amma wallahi tallahi ba zan ɗaura ba sai ta kawo mini takardar kammalawa." Wanda ya san Malam kuwa ya san ko alkawarin bulala ya yi wa ɗalibi sai ya cika.

Ana cikin watan Rajab na shekarar 2016 aka bugo waya daga gida. Matarsa Ɗaso ta zame a bakin rijiya, ƙashin kwankwasonta ya karye. Da aka miƙa mata wayar ta ce, "Malam, kada ka zo, ka zauna da yarinya." Shekara talatin da biyar suna tare, ya san idan Ɗaso ta ce kada ka zo da wannan muryar, to tana bukatarsa ne.

Ya je ofishin ɗalibai ya yi tambaya. Aka ce zai iya leƙawa ya dawo, amma idan tafiya ce ta zama, sai a kawo wani muharramin, in ba haka ba Mubina ta tattara littattafanta. Saura mata shekara biyu. Malam ya fito rana tana dukan ƙeyarsa, ya rasa inda zai sa kansa, ƙafarsa ta kai shi Mansur.

Adama ta zuba masa miyar kuka, ya zayyana mata komai, har da wayar da Maharazu ya bugo yana cewa shi ko ta wace hanya ce zai zo.

"Wace hanya?" in ji Adama. "In yaz zo da bizar Umara, 'yan kwanaki ne, kalas. In ya ɓoye ya zama takari marar takarda, jawazat masu kamen baƙi su damƙe shi su iza ƙeyatai gida. In ya samu kafil, ubangidan da ka tsaya mai, yaz zo aiki, kafil yaz zo wa, ba ɗiyarka ba. Kuma ko da wace yaz zo, shin muharraminta ne? Malam, saurayi ba shi da layi a takardun ƙasag ga. Miji ad da layi."

"Na rantse, Adama."

"To ci tuwonka, rantsuwar ta yi jinyar Ɗaso."

Ya ji haushinta ƙwarai, domin gaskiya ta faɗa. Ya bar tuwon rabi ya tashi.

Kwana uku yana kallon Mubina. Ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta roƙe shi komai ba. A rana ta uku ya ga ta ɗauko kwali tana jera littattafanta a ciki, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ya tambaye ta me take yi, ta ce, "Baba, Inna ta fi karatu. In da rabo zan dawo." Nan ne zuciyarsa ta karye. Ya yi rantsuwa don kada aure ya raba ta da karatu, ga shi rantsuwar ce da kanta za ta raba ta da shi.

Washegari suna tsaye a bakin titi suna jiran mota, ya yi gyaran murya, yana kallon wani shagon gyaran taya kamar can ne maganar take.

"Mubina, wani abokina ne ya aiko da tambaya. Ya rantse ba zai yi wani abu ba, daga baya ya ga yin abin ya fi alheri. Me malamanku suka ce?"

Ta sunkuyar da kai. Tun shekarar farko ta karanta babin rantsuwa, ta haddace shi, amma ina 'ya za ta iya buɗe baki ta karanta wa mahaifinta shi?

"Ya yi abin da ya fi alherin, Baba, sai ya yi kaffara."

"Kaffarar fa?"

"Ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Kuma kin san haka tun tuni?"

Motar ta tsaya, Mubina ta sa ƙafa ɗaya, sannan ta juyo, idonta cike da hawaye a saman niƙabi. "Baba, a gaida abokin naka," ta ce.

Ranar Juma'a Malam Rabe ya buga wa limamin unguwarsu ta Funtuwa waya ya wakilta shi. Aka ɗaura auren a Funtuwa bayan an sauko daga masallaci, uban amarya da amarya suna sauraro ta waya daga Hindawiyya, muryar maroƙi tana yankewa tana dawowa. Da aka shafa fatiha Malam ya wuce Mansur, ya ce wa Adama ta zuba kwano goma, da nama, kada ta yi masa ƙwauron miya. Shi da kansa ya bi lungu yana kiran masu shara da 'yan dako marasa aiki, ya zaunar da su, ya tsaya a kansu yana ƙirga kawuna kamar ranar jarrabawa. Adama ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya karya rantsuwa yana washe baki haka ba.

Sai dai goro da alewa ba sa shiga fayil. Dole Maharazu ya je kotu ya karɓo takardar aure, aka fassara ta da Larabci, ya yi ta sintiri Abuja ana buga mata hatimi. Wata huɗu abin ya ci. A cikinsu Malam ya leƙa gida sau ɗaya lokacin hutu, ya tarar Ɗaso ta fara dafa bango, ta kore shi ya koma ya ƙarasa abin da ya fara.

Ranar da Maharazu ya iso, motar Jidda ta sauke shi da jaka ɗaya, ya bar shago da kekunan ɗinki uku a hannun abokinsa. Adama ta tara matan Mansur a ƙofar gidan, suka rangaɗa guɗa.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," ta ce. "An kawo ango ɗakin amarya! Wa za ya yi mai faɗan zaman aure?"

Malam ne ya yi masa, amma ba a ɗaki ba. Da safe ya tasa shi gaba har bakin titi, Mubina tana biye da su. Ya nuna masa inda ake tsayawa, da inda inuwa take faɗowa da la'asar, da lambar motar, da ranar da direban yake makara.

"Mutanen gida za su ce ka bi mace," ya ce. "Ni ma sun faɗa mini."

"Na ji, Baba. Wallahi ba zan taɓa..."

"Kul!" Malam ya ɗaga hannu. "Kada ka rantse mini. Wanda ya rantse mini a baya bai cika ba, ni da na rantse ma ban cika ba. Ka dai zo nan kullum ka tsaya."

Motar ta zo, Mubina ta shiga ta zauna kusa da taga. Malam ya ja da baya taku biyu, ya bar Maharazu a gurbin da ya shekara biyu yana tsayawa. Ta ɗaga hannu, bai san ko shi take ɗaga wa ko mijinta ba, sai ya ga ba shi da bukatar sani. Ya jira har motar ta sha kwana, sannan ya ciro waya ya kira Ɗaso, ya ce mata a share masa ɗaki, jibi yana hanya.