Larai Ta Hana Ruwa

Shekara goma sha ɗaya Larai ta yi a Garken Tsira, kuma a cikin shekarun nan ko zanen da za ta ɗaura ba ita ke zaɓa ba. Garken Tsira wata majami'a ce a bayan garin Maigatari, gidaje wajen talatin a cikin shingen langa-langa, da ƙofa guda ɗaya tal. Kiristoci ne, amma ko Kiristocin Gumel in aka ambace su sai su girgiza kai su ce Allah ya kyauta. Mai wurin, wanda ake kira Uban Garke, a dā direban babbar mota ne, rana tsaka ya ce ana yi masa wahayi a mafarki. Shi ke faɗin wanda zai auri wa, da ranar zuwa kasuwa, da ranar fita shuka. Tambaya kuwa haramun ce.

Kowace Laraba akwai zaman da suke kira Tono. In kaza ta mutu, ko jariri ya yi zazzaɓi, ko tayar babur ta fashe, to lalle wani ne ya yi zunubi, kuma ba a tashi sai an zaƙulo shi ya tsaya gaban jama'a ya amsa. Wanda ya rasa abin faɗa sai ya ƙirƙiro. Larai ta taɓa amsa laifin hassadar da ba ta yi ba, don kawai a tashi, tukunyarta na kan wuta.

Mijinta Dogo ne ya shigar da ita, mutum mai sanyin hali, wanda ko ƙuda ba ya iya korewa sai ya nemi izini. Ta bi shi domin tana son sa. Abin da ya fitar da ita kuwa rasuwar mahaifiyarta ce a Gumel. Ta nemi izinin zuwa, Uban Garke ya ce mutuwar 'yan waje ba ta shafi Garke ba. Larai ta koma ɗaki, ta zauna, ta tashi, ta sake zama, can dai ta ɗauki mayafinta ta fice. Da ta dawo bayan kwana uku sai ta tarar da ƙofa a rufe. Uban Garke ya leƙo, jama'a na bayansa, Dogo na cikinsu kansa a sunkuye.

"Duk inda kika taka ƙasa za ta bushe," in ji shi. "Duk abin da hannunki ya shuka ba zai kai rumbu ba. Za ki dawo nan da rarrafe."

Ta koma gidan makoki domin ba ta san wani wurin ba. A can ta tarar da Safara'u ba ta tafi ba tukuna. Safara'u aminiyar mahaifiyarta ce tun lokacin da mahaifin Larai yake malamin gona a Garin Manu, wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Musulma ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, shekarunta sun kusa saba'in, bakinta kuwa ya fi barkono. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta ja tsaki mai tsawo, ta ce, "Tattara komatsanki, in kina da su."

Haka ta tafi da ita Garin Manu. Zama da Larai a watannin farko sai mai haƙuri, Safara'u kuwa ba ta gaji haƙuri ba.

"Inna, in sha ruwa?"

"A'a, zauna ƙishirwa ta kashe ki mu huta."

"Inna, in share tsakar gida?"

"Wayyo ni Safara'u! Tsintsiya ma sai an sa miki hannu a takarda?"

Amma ita ce dai ran Lahadi za ta taso ta da sassafe. "Ke, yau ba Lahadi ba ce? Uwarki ba ta taɓa fashi ba. Tashi ki hau mota ki je cocinku na Gumel, na mutanen kirki." Larai za ta je ta zauna a kujerar baya tana jiran a kira sunanta a tsayar da ita. Ba wanda ya taɓa kira. Ta kan dawo gida da mamaki.

Da bazara ta yi nisa Safara'u ta kai ta bayan gari ta nuna mata wata gayauna, 'yar gona mai rairayi da itacen gawo a tsakiya, ta ɗora mata tiya biyu ta irin gero a ka. "Taki ce. Abin da ya fito naki, abin da bai fito ba ma naki. Ni ba zan ciyar da ƙatuwar mace har abada ba." Larai ta gane abin da ke cikin maganar. In gayaunar nan ta yi, tana da wurin tsayawa a duniya. In ba ta yi ba, to maganar Uban Garke ta tabbata, kuma ta san ƙafarta da kanta za ta mayar da ita Maigatari.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Talata da la'asar. Washegari Larai ta tsaya a bakin ƙofa da sungumi a hannu.

"Inna, in shuka?"

"Ni ce ƙasa? Je ki tona ki gani. In laima ta wuce taƙi, ruwan shuka ne. In ba ta wuce ba, ke kika sani."

Ta je ta tona. Laima ta kai taƙi, har ta ɗan gota. Ta tona wani wurin, a nan ba ta kai ba. Haka matar nan ta tsaya a tsakiyar gona har hantsi ya dubi ludayi, tana waige ko wani zai zo ya ce mata yi ko bari. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Maƙwabtanta duk sun duƙufa, ba mai kallon ta. Daga ƙarshe ta ce, "Ya Ubangiji, ka gan ni," ta kai sara. Tiya ɗaya ta shuka, ta ajiye ɗaya.

Kwana huɗu gero ya tsiro, layi-layi, kore shar. Larai ta yi ta kewaya gonar tana dariya ita kaɗai kamar wadda ta zautu.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Kwana bakwai, kwana goma, kwana goma sha biyar. Hadari zai taso daga gabas ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi, ta bi tsiron da rairayi mai zafi. Gero ya nannaɗe, ya yi ja, ya kwanta. Ba nata kaɗai ba, na Garin Manu gaba ɗaya. Mutanen gari suka fita roƙon ruwa, Larai na jin su daga ɗaki. Shekara goma sha ɗaya an koya mata cewa ba abin da ke lalacewa sai da mai laifi, kuma a garin nan mutum ɗaya ne aka yi wa baki. Mutanen da suka ba ta masauki, ga shi ta ƙone musu abinci.

Ba ta gaya wa Safara'u ba. Ta ɗaure kayanta a ɗankwali, ta nufi ƙofar gidan mai unguwa Dalhatu, inda dattawa ke zaune a inuwar darbejiya. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Ranka ya daɗe, na zo in faɗi laifina. Ni ce na hana ruwa."

Dattawa suka juyo gare ta. Ta kwashe labari ta faɗa, da ƙofar da aka rufe, da bakin da aka yi mata, ta ce a yafe mata, yau za ta bar garin don Allah ya sakar musu ruwansu. Wani dattijo ya fara ƙyalƙyala dariya, mai unguwa ya harare shi ya haɗiye sauran.

"'Yar malamin gona, shekarunki nawa?"

"Talatin da huɗu, ranka ya daɗe."

"To ni na ba saba'in baya. Tun ba a haife ki ba na taɓa shuka sau uku a damina guda. A wancan lokacin wa zan kama? Ruwa na Allah ne, da ku da mu duk a kan haka muke. Yaushe aka damƙa wa tsohon direba makullin sama ban ji ba?"

Larai ta ɗago kai. "To, ranka ya daɗe, laifin wane ne?"

"Ba na kowa ba. Fari ne."

Ta maimaita maganar a ranta, ta kasa samo mata wurin zama. A ce abu ya lalace, kuma ba a tsayar da kowa ba!

Mai unguwa ya juya ga dattawa. "Kun gani ko? Shekara talatin ana kawo mini ƙara a wurin nan, kowa wani yake kawowa. Yau ga wadda ta kawo kanta a kore ta don 'ya'yanmu su ci tuwo. Tashi ki koma gida, 'yata. In kin bar garin nan mu muka yi asara."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Safara'u na tsaye a tsakar gida ta riƙe ƙugu. "Sannu da zuwa, mai hana ruwa! Tunda kina da wannan iko, don Allah taimaka ki hana ɓera shiga rumbuna." Tana faɗa tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Tsoron shekara goma sha ɗaya ba ya fita da maganar yini guda, amma dai ya sami tsaga. Saura tiya ɗaya. Larai ta ga wasu sun fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa. In ruwa mai ƙarfi ya zo, mai binne ya riga kowa. In yayyafi ne, iri ya ruɓe, shi ke nan an tashi a tutar babu. Kwana biyu tana juya abin a ranta. A rana ta uku ta ɗauki sungumi da irin ta fita, ba ta tambayi kowa ba. Safara'u ta bi ta da kallo, kuma a karon farko a tarihin Garin Manu ta yi shiru.

Ta yi layi shida ke nan sai ta ji ƙarar babur. Dogo ne. Ya rame har rigar ta yi masa yawa, leɓɓansa sun tsattsage. Har gobe tana son mutumin nan.

"Sannu, Maigida."

"Larai, Uban Garke ya yi miki jinƙai. Ya ce ya ga gonarki a mafarki, ta ƙone. Ki zo ki durƙusa, a karɓe ki, a sakar wa mutanen nan ruwa."

Muryar ba tasa ba ce, haddar da aka ba shi yake biyawa. Duk da haka sai da Larai ta ajiye sungumin. Sai kuma wani abu ya zo mata baki wanda a Garke ba a yi.

"Gonar Garke fa? Ta tsira?"

Dogo ya dubi ƙasa. "Ta ƙone."

"Ba na can. Wa ya taka ta?"

Dogo ya kau da kai gefe.

"Wa aka tsayar ran Laraba, Maigida?"

"Ni," in ji shi a hankali. "An ce na kasa riƙe matata. An ɗora mini azumi, ruwa kurɓi ɗaya da magariba. Yau kwana uku. Ba zan ci ba sai na dawo da ke."

Kai, duniya! Wannan ita ce igiyar da aka aiko a ɗaure ta da ita, kuma wanda ya murɗa ta ya san aikinsa. Da zagi aka aiko, ko barazana, da sauƙi. Larai ta dubi mijinta, tausayi ya cika ta. In ta hau babur ɗin nan, yau zai ci tuwo. Kuma wata Larabar za a tsayar da wani, wata kuma ita, har ranar da za a binne su a cikin langa-langa.

"Ba zan je ba," ta ce. "Ba ni na hana ruwa ba, kai ma ba kai ba ne. Fari ne. Kuma ba ni na hana ka abinci ba. In ka zauna a nan akwai ɗaki, akwai tuwo. In ka koma, ka koma kai kaɗai."

"Me zan ce masa?"

"Gaskiya. Ka ce ka same ni ina shuka."

Ta je gindin gawo ta tsiyayo ruwa daga jarka a kwanon sha, ta miƙa masa. Ya ja da baya kamar an nuno masa wuta.

"Ba a sha daga hannun 'yan waje."

Maganar ta soke ta. Shekara goma sha uku da aure, yau ita ce 'yar waje. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma roƙe shi ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa kusa da tayar babur, ta ɗauki sunguminta, ta juya masa baya ta kama sabon layi. Ta sara, ta jefa iri, ta rufe da diddige. Ta sara, ta jefa, ta rufe. Hawaye na zuba, hannunta bai tsaya ba, kuma ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba. Wanda bai san abin da wannan ya ci mata ba, bai san ƙarfin hali ba.

Ta kai ƙarshen gona, ta juyo da wani layin, ta sake komawa. Sai a layi na uku ta ji babur ya tashi, ƙararsa ta yi ta raguwa ta hanyar Maigatari. Sama kuwa fes take, ko ɗigon gajimare babu.

Da irin ya ƙare ta dawo gindin gawo don ta tattara kayanta. Kwanon na nan inda ta bar shi, amma an kife shi. Ta ɗaga, ta shafa ƙasar da ke ƙarƙashi da ta kewaye, ko ya zubar ne. A bushe take ƙamas. Larai ta zauna daɓas a kan rairayi, ta rungume kwanon, ta yi kuka har ta gode wa Allah.