Jarkoki Uku Babu Ruwa

Sai da suka kwana biyu a bakin wani busasshen rafi a yammacin jihar Queensland sannan Noeleen ta gano cewa cikin jarkokin ruwa huɗu da suka ɗauko, uku fanko ne. Wurin babu famfo, babu lantarki, waya ma ba ta kamawa. Garin da ya fi kusa tafiyar awa biyar ne a kan jar ƙasa. Abin da mutum ya zo da shi, shi zai sha.

Ranta ya ɓaci, don ta san mijinta. Shekara arba'in da ɗaya Clarrie yana shirya musu tirelar da suke kwana a ciki, takarda a hannu, yana ƙirga tukunyar gas da gwangwanayen wake har ya gundure ta. Wannan ne zai manta da ruwa? Biri ya yi kama da mutum. Ranar Asabar akwai sukuwar dawaki a garin, kuma abokan shan giyarsa duk za su hallara. Wato dabara ya shirya don a koma.

Ta dai zuba masa ido. Ta ga ya wanke kofi ɗaya har sau biyu, ta ce a ranta lallai so yake sauran ya ƙare da wuri. Da la'asar ta tare shi yana soya nama.

"Tsoho, in sukuwa kake so, ka faɗa mini. Ba sai ka kashe ni da ƙishirwa ba."

Ya rantse cewa da hannunsa ya cika jarkokin, sai dai in yoyo suka yi. Ta jawo ɗaya, ta kwance murfin, ta dangwara masa a gaba. Cikin jarkar a bushe ƙamas, har da saƙar gizo-gizo. Ta riƙe ƙugu tana jiran dariyar da yakan yi in ta kama shi dumu-dumu.

Dariyar ba ta zo ba. Ya daɗe yana leƙen jarkar, nama na ƙonewa bai kula ba. Can ya ɗago, ya dubi hanyar da ta yi gabas, ya dubi wadda ta yi yamma.

"Noeleen, ta ina muka shigo nan?"

Tsoro ya kama ta: ashe ba dabara ba ce, mantuwa ce ta fara kama shi. Da ma a ce ƙarya ya yi mata, da ta fi so.

Ta nuna masa hanyar, ta kashe gas, ta auna sauran ruwan ta samu lita goma sha biyu. Ita kuwa ba ta taɓa jan tirela ba a rayuwarta. Da gari ya waye ta miƙa hannu ta ce ya ba ta makullin mota. Ya laluba aljihu ya ba ta, ya zagaya ya zauna a kujerarta, bai ko tambaye ta dalili ba.