Duka Na Huɗu

Da sandan gwajin mai Kyaftin Darmadi yake koyar da tuƙin jirgin sama. Wani guntun katako ne da ake tsomawa a tankin fiffike a ga man da ya rage, amma a makarantar nan ta bakin teku a garin Banyuwangi ya fi sanin ƙasusuwan ɗalibai fiye da mai. Ka saki totur, ƙwal a yatsa. Ka manta duba agogon da ke nuna nisanka da ƙasa, ƙwal a ƙeya. Shekara ashirin yana haka, kuma iyaye suna kawo masa tsarabar kofi da ayaba suna godiya.

Ratri ma a hannunsa ta koya. Ƙaramin yatsanta na hagu har yau a karkace yake. Ranar da ta karɓi shaidar zama malama ta yi wa kanta rantsuwa cewa hannunta ba zai taɓa sauka a jikin ɗalibi ba, kuma wata goma ke nan tana riƙe da wannan rantsuwa kamar mai riƙe da ƙwai a kasuwa. Ga shi wani kamfanin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin tsibirai ya aiko mata takarda daga birnin Makassar, yana son ta zama mataimakiyar matuƙi, amsa kafin la'asar ɗin yau. Duk 'yan ajinsu abin da suke mafarki ke nan. Ita kuwa ta riga ta yanke shawara, a'a za ta ce. Koyarwa take so, kuma so take ta nuna wa tsohon nan ana iya yaye matuƙi ba tare da an fasa masa baki ba.

Da safe tana shigowa rumfar jirage ta ji ƙarar mari. Tegar ne, ɗalibinta, wani ƙaton saurayi ɗan masunta mai damtse kamar turmi, tsaye ƙiƙam hannuwa a baya, Kyaftin yana zuba masa. Murfin tankin mai ya bari bai ɗaure sosai ba. Daga mari aka koma sanda, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a kunne, har kunnen ya tsage jini ya gangaro kan farar rigarsa.

“Ɓauna! Ɓaunar banza! A gidan ubanka haka ake rufe tulu?”

Ratri ta shiga tsakani. “Kyaftin, ɗalibina ne. In ya yi laifi ni za a gaya wa.”

“A'a, Malama mai tausayi ta iso.” Ya share sandan da gefen wandonsa. “'Yar nan, ki karɓi aikin Makassar ki je ki riƙa shan shayi a sama kina gaida fasinja. Nan ba wurinki ba ne. Sama ba ta san lallashi ba.”

“Ina nan daram, Kyaftin. Sai dai ka gaji da ganina.”

“Za mu gani. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.”

Ta ja Tegar gefe, ta manna masa filasta a kunne, ta tambaye shi ko a ɗage tashin yau. Ya ce lafiyarsa lau. Ba ya cikin natsuwarsa, ta gani sarai, amma zuciya ta ɗebe ta. So take su tashi su sauko lami lafiya a gaban idon tsohon. Wannan kuskurenta ne, ba na kowa ba.

Suka hau sama, fadamun shinkafa da itatuwan kwakwa suka koma baya, mashigin teku ya buɗe a ƙarƙashinsu, ana hango duwatsun tsibirin Bali. Darasin ranar shi ne wanda ɗalibai suka fi tsana: a rage gudu, a ɗaga hancin jirgi har iska ta daina ɗaukar fukafukai, ya kifa kai, sannan a tura sitiyari gaba a ceto shi. Ta yi sau biyu yana kallo.

“To, jirgi na hannunka.”

“Jirgi na hannuna, Malama.”

Ya janye totur, ya ja sitiyari. Ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka. Sai fiffiken hagu ya faɗi gaba ɗaya, jirgin ya kife ya fara juyi, teku ta cika gilashin gaba tana zagayawa. Tegar ya rungume sitiyari ya danna shi a ƙirjinsa da hannu biyu.

“Tura gaba! Tegar, tura!”

Ko gezau. Idanunsa a buɗe, bakinsa a buɗe, amma babu kowa a ciki.

“Jirgi na hannuna! Saki! Na ce jirgi na hannuna!”

Sitiyarin gabanta da nasa a haɗe suke, abin da ɗaya ya yi shi ɗayan zai yi. Ta tura da dukan ƙarfinta, kamar mai tura bango. Ina ita ina mutumin da ya tashi yana jan tarun kamun kifi! Allurar agogo tana ta saukowa. Ƙafa dubu biyu da ɗari biyar. Dubu biyu. Ta ga kwale-kwalen masunta suna girma suna juyawa.

Ta ɗaga gwiwar hannunta ta kai masa a hanci. Ta ji ƙashin ya ce ƙaras, jini ya fantsama har kan agoguna. Bai saki ba. Ta sake kai masa a baki, haƙorinsa ya yanke mata fata. Bai saki ba. Ta fizgo allon ƙarfen da take ɗora takardar darasi a kai, ta sara masa gefensa a kan yatsu da iyakar ƙarfinta. Ya kurma ihu, hannuwan suka buɗe.

Ta taka feda, ta tura sitiyari, juyin ya tsaya. Ta ja a hankali tana salati, fukafukai na ƙara kamar za su ɓalle, har hancin ya ɗago. Sun wuce kan wani kwale-kwale kusa ƙwarai, har ta ga mutumin ciki ya kwanta rub da ciki. Ta ba da wuta, jirgin ya soma hawa. Ƙafa ɗari biyar, dubu ɗaya. Injin lafiya, iska lafiya, komai ya lafa. Tegar na gefe ya dunƙule, yana kuka kamar ƙaramin yaro, hannuwansa a cinya ba su taɓa komai ba.

A nan ne ta juya ta dunƙule hannu ta nausa masa a kan karyayyen hancin.

“Ɓauna!” Muryarta ce, amma ba ta gane ta ba. “Ɓaunar banza! Kashe ni za ka yi?”

Kansa ya bugi gilashin taga. Bai kare fuskarsa ba, sai ma ya mayar da hannuwansa baya, yadda aka saba. Abin da ya fi tsorata ta shi ne daɗin da ta ji. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, hannun kuma ya riga ya sake tashi, sai da ta kama shi da ɗayan ta danne a kan gwiwa. Kafin su sauka ta kira hasumiyar filin jirgi, ta ce a tanadi mai ba da magani.

Kafin farfela ta tsaya an kewaye su. Aka fito da Tegar rigarsa jina-jina, yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi. Kyaftin Darmadi ya leƙa cikin jirgin, ya dubi jinin da ke kan agoguna, ya dubi allon da ya lanƙwashe, ya gane komai ba tare da an gaya masa ba. A karo na farko tun da ta san shi ya yi mata murmushi na gaskiya.

“Ya sandare miki, ko? Sau nawa kika kai masa?”

“Uku ya saki,” in ji ta.

“Uku kawai? Kin fi ni hannu.” Ya dafa kafaɗarta yana dariya, ya juya ga ɗalibai. “Ku dube ta da kyau, ni na rene ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yar nan, na janye maganata, yaga takardar Makassar. Yau kika zama malama.”

Ratri ta juya masa baya. Ta ratsa su ta nufi bayan rumfa, ta wanke hannu a famfo, ta wanke ta sake wankewa. Uku na farko ba ta da haufi a kansu, ko a gaban Allah za ta tsaya ta ce ta yi. Na huɗun kuwa babu teku a cikinsa, babu ceton rai. Nata ne, daga cikinta ya fito, kuma ta san yanzu ya san hanya. Ta ciro waya, ta kira lambar da ke kan takardar, ta ce ta amince, Litinin tana Makassar. Tana ajiye wayar hawaye suka zubo mata, don koyarwa, aikin da take so a duniya, ke nan ta sallama.

Ta same shi a ɗakin magani zaune a bakin gado, an cusa masa auduga a hanci. Yana ganinta ya miƙe.

“Zauna, Tegar. Na zo ne in ce ka yafe mini. Na ƙarshen nan, bayan ka saki...”

“Haba Malama!” Muryarsa na fita ta baki, a toshe. “Wane na ƙarshe? Ni ban ƙirga ba. Da ba ki yi ba da yanzu kifi na cin mu. Ai ni na jawo.”

Kafin ta ankara ya kamo hannunta na dama da lafiyayyen hannunsa, ya sunkuya ya ɗora shi a goshinsa, yadda ɗalibi ke girmama malaminsa a ƙasar nan. Gaɓoɓin yatsunta da suka kumbura suka taɓa fatarsa mai zafi. Ta so ta fizge, ta kasa.

“Sun ce mako uku zan warke,” in ji shi. “In na dawo ke za ki ci gaba da ni, ko? Don Allah kar ki bari a mayar da ni wurin Kyaftin. Ke ko kin doke ni, na san da dalili.”

Ratri ta dubi audugar da ta fara rinewa da ja.

“Litinin zan tafi, Tegar.”

Bai saki hannun nan da nan ba. Ya ɗago a hankali yana dubanta.

“To wa zai tashi da ni?”

Ita da Kyaftin ne kaɗai malamai a makarantar, shi ma ya sani.