Mai Gadin Turke

Ranar Talata aka manna wa jirgin ruwan da ake kira Corella takarda. Trevor Pilcher ya hango ta daga tagar jirgin ƙasa lokacin da suke tsallaka gadar kogin Hawkesbury, a hanyarsa ta zuwa Sydney inda yake aikin gyaran lif, na'urar hawa bene: wani ɗan jan abu a jikin gilashin ɗakin tuƙin Corella, jirginsa. Duk mai jirgi a kogin ya san ma'anar wannan jan. Da la'asar ya tuƙa ƙaramin kwale-kwalensa ya je ya karanta. Hukumar jiragen ruwa ta ba shi mako uku ya fitar da jirgin zuwa tudu a duba ƙasansa, ko kuma ya kawar da shi daga kan turke.

Turken shi ne asalin maganar. Dunƙulen kankare ne a ƙasan kogi, da sarƙa, da wata ƙwallon roba mai lamba da ke yawo a sama. Shekara goma sha ɗaya Trevor ya yi a layi kafin ya samu. Turke kuwa ba a barinsa babu jirgi, in ka bari sai a miƙa wa na bayanka. Shi ya sa lungun kogin da suke ɗaure jirage ya cika da jiragen da ba sa zuwa ko'ina. Mutum zai samo duk wani tsohon abin da ruwa zai iya ɗauka, ya ɗaure a wurin, kafin ranar da zai sayi jirgin kirki. Masu gadin turke ake ce musu. Wasu sun yi kore, wasu sun karkace, tsuntsayen ruwa sun mayar da yawancinsu ɗaki da masai.

Corella ba irinsu ba ne a ranar da ya zo. Jirgin katako ne mai tsawon ƙafa ashirin da shida, wanda Clem Haddow, tsohon mai kiwon kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo da ake ci, ya ƙera da hannunsa a rumfar bayan gidansa. Shekara tara da suka wuce, a makon da Trevor ya sami turke ba shi da abin ɗaurawa, yatsun Clem sun riga sun daina riƙe guduma.

"Wani ɗan birni ya zo da kuɗinsa," in ji Clem a ranar. "Wai zai sa masa kujerun fata. Na ce ya gaida gida. Kai kana nan kogin, zan riƙa ganinsa. Abu ɗaya nake so. Duk shekara kafin zafi ya shigo ka fitar da shi, ka kankare ƙasan, ka shafa jan fenti. Tsutsar kogin nan ba ta zuwa hutun Kirsimeti."

"Wannan ai ba sai ka faɗa ba, Clem."

Suka sha hannu. Trevor ya kai masa kwalin giya biyu, shi ke nan cinikin.

Ba ƙarya ya yi ba a ranar. Shekarar farko wurin fitar da jirage ya cika, ta biyu aka yi masa aiki a gwiwa. A ta uku ya lura cewa jirgin bai nuna alamar damuwa ba. Ya sa masa ɗan famfo mai aiki da hasken rana wanda ke zubar da duk ruwan da ya shiga, kuma kullum da safe yana ganinsa daga gada, a zaune daram. Ya kuma lura da wani abu. Clem ya koma zama gidan 'yarsa Raelene a kan tudu, inda yake wuni a baranda da madubin hangen nesa, kuma duk watan Oktoba yakan tafi wurin ɗansa a Toowoomba ya yi wata guda. A cikin wannan watan Trevor kan ɗauki Asabar ɗaya, ya je da kwale-kwale da gwangwanin farin fenti, ya shafe jirgin daga bakin ruwa zuwa sama. Idan Clem ya dawo suka haɗu a gidan waya sai ya ce, "Na ga mutumin ya yi wanka." Trevor ya yi murmushi ya tambaye shi hanya.

Washegarin takardar ya je wurin Dusko Maric, mai wurin fitar da jirage. Layin dogo ne gajere da ke gangarawa cikin ruwa, da keken ƙarfe da jirgi ke hawa, da injin ja a cikin rumfa. Dusko yana wanke wani jirgin masunta da tiyo.

"Kyaftin! Yau wace rana? Shekara tara ina share maka wuri."

"Rage murya mana."

"Don wa? Don kifi? Ai sun fi ka sanin abin da ke ƙarƙashinsa, a can suke haya."

"Yaushe kake da wuri?"

Dusko ya duba jadawalin cikar ruwa da ke manne a bango. "Alhamis ta sama, ƙarfe goma. Injin yana tashi?"

"Ban gwada ba kwanan nan."

"Kwanan nan," in ji Dusko, ya ci gaba da wankinsa. "To, zan jawo ka."

Trevor bai ce wa Dusko ya riƙe bakinsa ba, don da ya ce sai ya faɗi dalili. Kwana huɗu bayan haka Raelene ta kira shi.

"Trev, Baba ya ji a wurin wasan ƙwallon tsofaffi cewa za ka fitar da Corella. Ya hana ni sakat. Ya ce kullum sai yana Toowoomba kake fitarwa, shekara tara bai ga ƙasansa ba. Har ya sa na goge masa rigar zuwa coci. Ba damuwa in na kawo shi ko?"

Trevor ya ce ba damuwa. Ya ajiye wayar ya daɗe a tsaye a kicin.

Ranar Laraba da yamma ya hau tudun da niyyar ya faɗa wa Clem gaskiya. Ya shirya maganar tun a jirgin ƙasa, gajera ce, jimla uku. Ya tarar da Clem a baranda, bargo a gwiwa, shekara tamanin da shida. Raelene ta kawo shayi da biskit. Daga nan ana ganin lungun gaba ɗaya, kuma a cikin jiragen da suka yi kore da toka, Corella ne kaɗai fari.

"Dubi jirgin Warwick can," in ji Clem, yana nuni da haɓa. "Har ciyawa ta fito a kansa. A ba shi shekara biyu zai yi 'ya'ya. Mutane ba su da kunya." Ya kurɓi shayi. "Gobe ina so in ga katako na uku daga ƙasa, ɓangaren hagu. Tun ranar da na kafa shi bai kwanta mini ba, akwai ƙulli a cikinsa. Ya taɓa ba ka wahala?"

"A'a," in ji Trevor.

"Ka gani? Shekara arba'in ina zarginsa a banza."

Trevor ya shanye shayinsa, ya ci biskit biyu, ya yi sallama. A mota ya gaya wa kansa cewa jirgin da bai nutse ba a shekara tara, wataƙila ba abin da ya same shi sai datti.

Alhamis gari ya waye garau, babu iska. Dusko ya kwance jirgin daga turke ya jawo shi a hankali, Trevor yana riƙe da sitiyari. Nauyinsa ya sa tafiyar minti goma ta ɗauki rabin awa. Raelene ta ajiye mota a bakin rumfa, ta kafa wa mahaifinta kujerar roba kusa da layin dogon. Bai zauna ba. Ya tsaya da sandarsa cikin farar rigar, an ɓalle maɓallan har wuya.

Jirgin ya hau keke, Dusko ya kunna inji, igiyar ƙarfe ta miƙe. Farin fenti ya fara tasowa, sai layin da ruwa ke tsayawa, sai abin da ke ƙasa. Ciyawar ruwa ce ta fara fitowa, doguwa kamar gemu, ruwa na tsiyaya daga cikinta. A ƙarƙashinta kawa ce, wata kan wata, ta rufe katakon ruf, babu ko tafin hannu na jan fenti. Ƙananan kaguwa suka riƙa faɗowa suna gudu su koma kogi. Wari ya cika wurin.

Dusko ya tsayar da injin.

Clem ya taka a hankali har gindin jirgin. Ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu, ya ɓamɓaro kawa ɗaya, ya juya ta a tafin hannunsa. Ta kusa cika hannun. Ya bi layukan ɓawonta da babban yatsa.

"Shekara hamsin na yi ina kiwon waɗannan," ya ce. "A shekara uku muke kai su kasuwa. Wannan ta yi bakwai, kuma a kan gawar wata ta zauna." Ya ɗago. "Sau nawa, Trevor?"

"Clem, wurin nan kullum a cike yake, sannan gwiwata..."

"Sau nawa?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya."

"Ko sau ɗaya."

Raelene ta ce, "Amma duk shekara muna ganin..."

"Jawo shi sama, Dusko," in ji Clem. "Mu ga sauran."

"Dattijo, ka ɗan ja baya."

Injin ya sake tashi. Da bayan jirgin ya rabu da ruwa, nauyinsa duka ya sauka a kan keken, sai aka ji wata ƙara mara ƙarfi, kamar an taka kwalin ƙwai. Kashin bayan jirgin, wannan babban katako da komai ke hawa kansa, ya lotsa a inda ƙarfe ya tokare shi. Jirgin ya zauna ƙasa da kamar faɗin hannu, ya ɗan karkata. Ruwa ya fara fita daga wurare da yawa a lokaci guda. Ruwan kogi ne ya riƙe shi duk shekarun nan.

Dusko ya kawo shebur ya kankare wani wuri. A ido katakon lafiya lau, sai ƙananan huji kamar na allura. Clem ya ɗora bakin wuƙarsa ya danna da yatsu biyu, ta shige har ƙota. Ya ɓantaro guntu. Cikinsa duk ramuka ne masu farin rufi, kowane ya kai kaurin fensir, a wasu ma tsutsar na ciki tana motsi. Ya zagaya hagu, ya sa Dusko ya kankare katako na uku daga ƙasa. Nan ma wuƙar ta shige, sai a kan ƙullin ne ta tsaya.

"To," in ji Clem. Ya goge wuƙar a wandonsa ya naɗe. Ya ja baya ya dubi saman jirgin, fari fat a cikin rana. "Fenti kam ka iya."

"Zan gyara shi, Clem. Ko me zai ci."

"Me za ka gyara? Ba a kafa ƙusa a jikin burodi." Ya juya ga Dusko. "Kada ka sa masa motar rusau. Ku fara cire inji da ɗakin tuƙi, sannan bene. Haƙarƙarin ku bi su daga baya zuwa gaba, haka zai saki da kansa. Ƙusoshin jan ƙarfe ne, kada su tafi juji."

"An gama, dattijo. Ni da kaina zan yi."

"A'a. Shi zai yi. Jirginsa ne."

Trevor ya matso zai riƙe masa hannu a kan duwatsun. Clem ya miƙa wa Raelene hannun. Ta kai shi mota, ta dawo ta ɗauki kujerar roba, ba ta dubi Trevor ba.

Trevor ya ɗauki hutu daga aiki. Ya bi tsarin da aka ba shi, kuma jirgin ya saki kamar yadda Clem ya faɗa. A nan ne ya fara ganin yadda aka yi shi: kowane haƙarƙari da lambarsa da fensir, kowace ƙusa an lanƙwasa bakinta ta ciki. Daga bakin ruwa zuwa sama katakon yana nan da ƙarfinsa, zarto na shiga yana tashin ƙamshi. Kwana huɗu aikin ya ci. Fitarwar shekara, in ji Dusko ba tare da an tambaye shi ba, kwana biyu ce, ɗaya na kankara, ɗaya na fenti.

A rana ta uku Dusko ya nuna masa wani tsohon jirgin roba da aka yasar a bayan rumfa. "Ɗauki wancan ka ɗaure, Kyaftin, kada turken ya tafi. Shi tsutsa ba ta cinsa. Kamar don kai aka yi shi."

Trevor ya ce zai yi tunani. Bai koma kan maganar ba, Dusko ma bai sake tayar da ita ba.

Da ya gama ya kira gidan Raelene. Ta ce Baba yana barci. Bayan mako guda ya sake kira da hantsi. Ya ji ta rufe bakin wayar da hannu, ya ji muryoyi biyu, ya jira.

"Trev, ya ce in gaya maka ba ya riƙe da kai," in ji ta. "Ya ce laifinsa ne, shi ya zaɓi wanda zai ba."

"Zan iya magana da shi?"

"Ya ce ba sai an yi ba."