Layi na Biyu a Likitar Dogon Marke

Da hantsi aka kawo Mamman a kan amalanken jaki, ƙafarsa ta hagu ɗaure da igiyar kaba a ƙasan gwiwa. Wansa Zakariya'u ne ke jan jakin, yana bugunsa ba ji ba gani. Suna cikin maimai a gonarsu ta gindin dutse kububuwa ta sare shi a idon sawu. Sun kashe ta, har sun taho da ita cikin buhu don kada a yi musu gardama.

Fiddausiya, malamar jinya, ita kaɗai ce a likitar Dogon Marke, ƙaramin asibitin ƙauyen, a ranar. Majo, shugaban wurin, ya tafi taro Buza tun shekaranjiya, ruwan da aka kwana ana yi kuma ya cika ƙoramar da ke tsakaninsu da Tama har ta fi ƙarfin mota. Fiddausiya shekararta biyu da fara aiki. Ta sa aka kwantar da Mamman, ta sassauta igiyar a hankali, ta ɗebi jininsa ta zuba a kwalbar gwaji ta ajiye, ta dubi agogo. Da minti ashirin suka cika ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo, bai daskare ba, alamar dafi ya shiga jini. Ta ɗaga leɓensa, ta ga dasashin ya fara tsattsafo da ja.

Akwai maganin dafi kwalba biyu a firigo, na'urar sanyaya magani. Ba ta taɓa sa wa kowa shi ba, sau ɗaya ta tsaya gefe tana kallon majo. Ta san yana ceto, ta kuma san akwai jikin da ke ƙin sa, mutum ya shaƙe nan take. Dokar wurin ita ce kafin a buɗe kwalbar sai an kira Lokotoro Habsa, likitar da ke kula da ƙauyukan yankin daga birni.

Waya ba ta kamawa a cikin kwarin nan sai mutum ya hau tudu, tafiyar rabin awa. Abin da suke dogara da shi wani farin akwatin wifi ne da ke manne a bangon ofishin majo, da eriyarsa a kan dogon ƙarfe a waje. Ta shiga ta same shi da jar fitila, alamar ba ya aiki.

Ita da akwatin nan akwai tsohon labari. Bara, da samarin gari suka gano lambar sirrin suka riƙa taruwa a jikin katanga, ta shiga cikinsa don ta canza lambar. Ta tarar da shafuka kan shafuka na Faransanci, gurabe sun fi hamsin. Ta taɓa wani gurbi da ta zaci shi ne, ta danna, shi ke nan. Kwana goma sha ɗaya wurin ya yi a yanke, a ciki har da ranar da wata mai naƙuda ta sha wuya ba a samu kiran ambilas ba. Majo ya yi mata faɗa a gaban mutane, ya ce ko ƙura kada ta ƙara share wa akwatin.

Lurwanu, mai gyaran da ya zo daga Madawa a kan moto, bai ga laifinta ba. Cewa ya yi in aka sa tsani da rijiya a ɗaki ɗaya mai duhu, wanda ya faɗa ba shi ne mai laifi ba. Ya zauna ya tambaye su abin da suke buƙatar yi da akwatin a zahiri, aka lissafa, abu uku ne kacal. Bayan wata guda ya dawo ya kulle duk sauran shafukan, ya bar musu shafi ɗaya da Hausa mai manyan maɓallai uku. Ramin da ake tsokana da allura a goge komai kuma ya toshe shi da danƙo. Ya nuna wa majo yadda ake yi. Ita tana bakin ƙofa, ba ta matso ba, kuma tun daga ranar ba ta sake buɗewa ba.

Tana tsaye sai ga Malam Faruƙ, daraktan lakwal, makarantar bokon garin, wanda ya biyo jama'a. Mutum ne mai son taimako, yana da irin akwatin nan ƙarami a gidansa. Ya dubi fitilar, ya zaro allurar da ke maƙale a hularsa, ya ce wannan ƙaramin abu ne, a ɓanɓare danƙon a tsokana, sai ya dawo sabo. Ta ce ta ji mai gyara ya ce in aka tsokana komai zai goge, har bayanan da layin ke aiki da su. Ya ce nasa haka yake yi masa kullum. Har ya kai farce kan danƙon.

"Malam, don Allah ɗauke hannunka," in ji ta. Ta shiga tsakaninsa da bangon. "Wanga ba irin naka ba ne. In ya goge, sai Lurwanu ya zaka, kuma ka ga ƙorama."

Ya ja da baya, ransa bai so ba. Daga ɗakin jinya Zakariya'u ya leƙo ya ce mata ƙanensa ya tofar da jini.

Ta ɗauki tablet ɗin ofis ta buɗe shafin. A sama an rubuta da jan rubutu cewa layi na ɗaya ba ya samun komai. Ƙila hadarin jiya ya taɓa eriyar kamfanin. Ƙasa ga maɓallan: a kashe a kunna, a canza lambar sirri, a koma layi na biyu. Yatsanta da gumi ya zame ya faɗa kan na tsakiya. Ta ce a ranta ta sake maimaita na bara. Amma shafin bai canza komai ba. Tambaya ya fito da ita, cewa wannan zai fitar da duk wayoyin da ke haɗe, an tabbata? Maɓallin "a'a" shi ne babba, kore. Ta danna shi, ta goge hannunta a jikin farar rigarta, ta danna na ukun.

Shafin ya ce zai gwada layi na biyu, in bai kama ba cikin minti biyu zai koma yadda yake da kansa. Lambobin ƙirga daƙiƙa suka fara sauka. Fitilar ta mutu gaba ɗaya. Malam Faruƙ ya yi gyaran murya. Ta ji matar Mamman a waje tana salati ƙasa-ƙasa. Saba'in. Sittin da biyar. Ta tuna ba ta san ko layin na biyu yana raye ba, don ba a taɓa aiki da shi ba. A arba'in fitilar ta dawo ja, ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta ɗauke. A ashirin da ɗaya ta zama koriya.

Layin ba shi da ƙarfi. Hoto ya ƙi tafiya, sai murya, ita ma tana yankewa. Lokotoro Habsa ta ɗauka a kira na biyu. Ta saurari bayanin ba ta katse ta ba, ta tambayi nauyinsa da awon jininsa da lokacin da aka yi saran, sannan ta ce a fara ɗura allurar ceto a sirinji a ajiye kusa da hannu kafin a taɓa kwalbar.

"Ki sa mishi cikin ruwa, sannu-sannu," ta ce. "Kada ki kashe wayar. Ina nan tare da ke."

Fiddausiya ta jingina tablet ɗin a kan taga, inda ya fi kamawa, ta roƙi Malam Faruƙ ya tsaya ya riƙe shi ya riƙa maimaita mata abin da ba ta ji ba. Ya karɓa da hannu biyu.

Minti goma da fara ɗigar ruwan, Mamman ya soma susar wuya. Kurajen borin jini suka feso masa a ƙirji, numfashinsa ya koma kamar ana busa kara. A daidai lokacin muryar likitar ta ɗauke. Zakariya'u ya riƙe kan ƙanensa yana kallon Fiddausiya. Ba ta jira ba, ta tsayar da ruwan, ta ɗauki sirinjin ta soka masa a cinya. Da muryar ta dawo ta faɗi abin da ta yi, likitar ta ce daidai ne, ta jira numfashin ya daidaita sannan ta ci gaba a hankali fiye da farko. Haka suka yi har kwalba ta biyu ta ƙare, bayan azahar.

Da la'asar sakaliya ta sake ɗibar jininsa. Wannan karon da ta karkata kwalbar, jinin ya tsaya cik a gindinta. Ta faɗa wa likitar, sannan ta fita bayan ɗaki ta zauna a kan bulo.

Ruwan ƙoramar ya janye washegari da rana, ambilas ta ƙetaro ta tafi da Mamman babban asibiti. Ya yi kwana tara a can, an yanke ruɓaɓɓen nama a idon sawun, ya dawo yana ɗingishi da sanda, amma da ƙafarsa.

Ranar da ya zo wankin ciwo na farko, mahaifiyarsa ta biyo shi, wata tsohuwa da ta taso takanas daga Sabon Gida. Ta zauna a kan benci tana bin Fiddausiya da ido har aka gama naɗe ƙafar. Sannan ta kira ta, ta tambaye ta ɗiyar wane ce, daga wane gari. Da ta ji, sai ta ce ta san garin, ta taɓa cin kasuwarsu tana budurwa. Ta kama hannunta ta yi mata addu'a mai tsawo, ta haɗa da iyayenta. Ranar awon jarirai ce, mata sun cika rumfa, wata har ta fara ƙorafin rana ta yi. Fiddausiya ta shafa addu'ar, ta wanke hannu, ta kira ta farko a cikinsu.