Robar Gwajin Alhaji Kalilu

Tun da ciwon dajin hanji ya kashe wansa, likita ya matsa wa Alhaji Kalilu, dillalin shanu a kasuwar Daura, ya kawo bayan gidansa a duba ko da ɓoyayyen jini. Aka ba shi 'yar roba mai murfi. Alhaji ya cika umarni, ya naɗe ta cikin leda har uku, ya nufi ɗakin gwaji.

Yana leƙa taga sai ga Nu'uman, mijin 'yarsa ta fari, cikin farar riga yana karɓar robobi. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, shi zai miƙa wa wannan kaya? Alhaji ya juya da sauri har takalminsa na fita.

Ya zarce shagon amininsa Hyginus, mai sayar da kayan gyaran babur.

"Ka kai musu, ka ce naka ne. In sakamako ya fito ka gaya mini."

Hyginus ya yi dariya har da hawaye, amma ya kai.

Bayan kwana uku sai ga shi a zaure, gumi sharkaf.

"Alhaji, ka kashe ni! Sun ce akwai jini. Wai Katsina za a tura ni, a zura mini kyamara ta ƙasa a leƙa hanjina. Matata Gladys tun safe take kuka, ta ma kira fasto!"

Alhaji ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Jinin nasa ne. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko gaban bijimi mai faɗa.

Washegari da hantsi ya koma asibiti. Nu'uman ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Suruki na kallon ƙasa, Alhaji na kallon silin.

"Robar nan ta Hyginus..." Nan take Nu'uman ya gane ko ta wane ne.

"Baba, ganin jini ba shi ne tabbacin ciwon ba," in ji Nu'uman a hankali. "In ma shi ne, da wuri ake cin ƙarfinsa. Sai dai a leƙa."

"Wa zai leƙa?"

"Wani likita ne, baƙo. Bai san kowa a Daura ba."

Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, ya share ido da bakin rawani.

"To, goge sunan bawan Allahn nan. Rubuta nawa."