Kunnen Yaya Hiram

A Kentucky, a zamaninmu, da baki ake zaɓe. Mutum ya hau barandar kotu, magatakarda ya tambaye shi, ya faɗi sunan gwaninsa kowa yana ji. Mu mata ba mu da ƙuri'a, amma ba wanda ya hana mu tsayawa gindin bishiya da kwandon gurasar masara muna kallo.

Yayana Hiram maƙeri ne. Ya daɗe yana yi wa dawakin masu gonakin taba takalmi, har ƙarar guduma ta cinye masa kunne. In za ka yi masa magana sai ka kafa baki a kunnensa ka ƙwala. Ɗansa ɗaya, Lemuel, wanda ya je karatu Ohio ya dawo da tabarau da dogon surutu. Tun da aka shiga zancen zaɓen shugaban ƙasa na 1860 yaron nan ya hana mu cin abinci lafiya. Wai bauta zalunci ce, shi Lincoln mai adawa da ita zai zaɓa ko me za a yi. A garin da duk masu kawo wa ubansa aiki suna da bayi, kuma kowa Bell, abokin takarar Lincoln, yake yi. A ƙauyen gabanmu an ƙone wa wani shago a kan abin da bai kai haka ba.

"Ka faɗi sunan nan, kada ka ƙara taka min gida," in ji Yaya, da muryar da ta isa har bakin titi.

Ranar zaɓe garin ya cika maƙil, an sha giya tun hantsi. Da aka zo kan Lemuel, ya hau barandar. Magatakarda ya ce, "Samari, wa kake yi?"

"Bell," in ji shi, can ƙasan maƙoshi.

Wurin ya kece da dariya. Ni kaina na ji sanyi a raina, na kuma ji kunya ta kama ni a madadinsa. Kanar Rudd, mai gonar da ta fi ta kowa, ya ce, "A'a, ɗan Ohio, ina aka baro bakin? Ko jirgin ruwa ne ya wuce da shi?" Wani ya doke masa hula ta faɗi ƙasa, wani ya dungure masa ƙeya.

Yaya yana bayansa a layi, bai ji komai ba. Abin da ya gani kawai bakuna a buɗe, yatsu suna nuna ɗansa, da hula a ƙasa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ture mutane ya hau, bai jira a tambaye shi ba.

"Hiram Ashcraft. Lincoln."

Kwandon ya suɓuce daga hannuna. Magatakarda ya tsaya da alƙalami a sama, ya matsa kusa ya ɗaga murya: "Dattijo, wa ka ce?"

"Lincoln na ce. Kai ma kurma ne?"

Aka rubuta, kuma abin da aka rubuta ba ya gogewa. Kanar Rudd ya tofar da yawu, ya ce wa baransa ya je maƙera ya kwance dawakinsa yanzu-yanzu. Mutanen da suka girma tare da Yaya suka riƙa juya masa baya. Matarsa Dorcas ta zauna daɓas a ƙasa, ko kuka ta kasa.

Shi kuwa Yaya ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe, ya ɗora wa ɗansa a ka.

"Ban san Lincoln ɗin nan ba, ba na kuma son sa," ya ce, duk dandalin yana ji. "Amma ba za a ci maka mutunci ina tsaye ba. In ƙonawa za su yi, su ƙone mu tare."

Lemuel ya ce, "Baba, ni Bell na ce."

"Me?"

Yaron ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya dubi taron. Ba wanda ya taimake shi.

Yaya ya karkata kai, ya kawo masa kunnen da ya fi ji, yana murmushi.

"Ɗaga murya, ɗana. Yau kuma wa za ka ji tsoro?"